Shanun Jaɓɓi

Wanda ya fara cutata a ƙasar Nijar ba ɗan Nijar ba ne. Namu ne, mutumin garin Isa, sunansa Sahabi, kuma a bayan babur ɗinsa na tsallaka iyaka.

Fatauci yake yi tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi, kuma ya san babana tun muna Kurawa, kafin 'yan bindiga su tashe mu daga gona mu dawo cikin Sabon Birni. Shi ya kawo labari cewa wasu masu bincike na neman matan da suka gama sakandare, masu iya latsa waya, za su yi aikin awon rijiyoyi. Ni kuwa na gaji da zaman ɗaki guda da ƙannena, kowa na numfashi a wuyan wani. Na ce za ni.

A shingen Gidan Runji na fara sanin cewa sunan garinmu kaya ne. Jandarma ya karɓi katina na shaida ya juya shi, ya dube ni.

"Sabon Birni. Garin masu babura."

Na ce, "Garin da masu babura suka hana barci dai."

Sahabi ya taka mani ƙafa. Jandarman ya sa katin a aljihu ya koma inuwa. Haka muka tsaya cikin rana har inuwar babur ta koma ƙarƙashinsa, sannan ya miƙo mani katin ba tare da ya dube ni ba. Da muka hau hanya Sahabi ya ce, "Luba, bakin nan naki ki naɗe shi ki sa cikin jaka. Nan ba gida ba ne."

Gaskiya ya faɗa. Ita ce ma gaskiya ta ƙarshe da na ji a bakinsa.

A Maraɗi aka haɗa ni da shugabar aikin, Madam Hawa, doguwar Bazabarma mai gilashi. Da ta ji ni Bagobira ce sai ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, an kawo mani baiwa." Akwai wasa tsakanin Zabarmawa da Gobirawa, na sani, amma yunwa nake ji. Na ce, "Baiwa ma sai ta ci take aiki." Ta yi dariya har ta cire gilashi, ta aika aka sayo mani shinkafa da wake.

Ita ta koya mana aikin. Ta kai mu bakin Gulbin Maraɗi, bazara ce, babu ruwa sai yashi, manyan motoci na kwasa ana kaiwa birni a buga bulo. Ta nuna mana unguwannin da bara gonakin gero ne, da amalanken itace da ke shigowa a jere. Ta ce birni na ƙara faɗi, ƙauyuka kuma sun cika da 'yan gudun hijira, to ana son a san yadda ƙasa ke ɗaukar wannan nauyi. Ƙasa ba ta magana, in ji ta, amma tana nuna alama. Ruwan rijiya ya yi nisa ko bai yi ba. Gawo da aduwa nawa suka rage a gona. Kwazazzabo ya ci hanya ko yana nan inda yake. Dabbobi nawa ke sha a rijiya guda.

Na tambaye ta ina gulbin ya nufa. Ta nuna yamma ta ce, "Gidanku. Wannan yashin in kika bi shi, a Sabon Birni za ki fita." Na tsaya ina kallonsa har sauran matan suka bar ni. Tun da na zo ban yi kewar gida ba sai lokacin. Furar innata na tuna, da yadda take ɗan zuba mata citta fiye da kima.

Aka ba kowa waya mai taswira, da igiyar awo mai ɗan ƙarfe a baki, wanda ke ƙara idan ya taɓa ruwa. Madam ta kafa doka guda, ta maimaita ta har na gaji: ba a taɓa rijiyar gari sai an gaida mai gari, an kai goro, an faɗa masa abin da aka zo yi. Wannan aikin maza 'yan rakiya ne. Ɗan rakiyata shi ne Sahabi. A gabana aka ba shi ƙullin goro da sukari.

Ƙauyen da aka tura ni yana yamma da Maraɗi, ba nisa da iyaka. Ba za ni faɗi sunansa ba, mutanensa na nan da ransu. Aka sauke ni gidan wata tsohuwa, Inna Ige, mai sayar da daddawa, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun tafi cin rani. Ba ta da yawan magana. Ta nuna mani tabarma, ta nuna mani randa, shi ke nan.

Sahabi ya fita da goron, ya dawo yana goge baki.

"Kawu, ka ga mai garin?"

"Na gan shi. Ya ce ki yi aikinki, gari naki ne."

"Ba za ni je in gaishe shi ba?"

"Ke da wa? Mace ba ta shiga zauren nan. Ki fara aiki mu gama mu tafi."

Abin da nake son ji ke nan. Ban sake tambaya ba.

Ranar kasuwar garin wani abu ya faru da ban so kowa ya sani ba. Ina tsakar gida ina wanke kwanoni sai na ji babura, ba ɗaya ba, da yawa, suna tahowa tare. Ban san lokacin da na yar da kwano ba. Na samu kaina ƙarƙashin rumbu, cikin kashin kaji, na toshe bakina da hannu biyu. Ashe 'yan kabu-kabu ne suka kwaso masu cin kasuwa. Da ƙarar ta wuce na fito, zanena a jiƙe. Inna Ige na tsaye bakin madafa, ta ga komai. Ta shiga ɗaki ta ɗauko zanenta ta ajiye a kan igiya, ta koma wajen tukunyarta. Ba ta tambaye ni ba, ni ma ban faɗa mata ba.

Babbar rijiyar garin tana bayan gari, da komayen shayar da dabbobi na siminti kewaye da ita. Da safe mata ke ɗiba, hantsi kuma na makiyaya ne. Na auna zurfin ruwan, na sa a waya. Sai wayar ta buɗe gurbi na gaba: shanu nawa, tumaki nawa, raƙuma nawa. Ba ta wucewa gaba sai an cika.

Na tashi kusa da rugga, na san Bafillace ba ya ƙirga shanunsa. Da suna ya san su, da launi, da uwar da ta haife su. Ƙirgawa na jawo wa garke baki, kuma mai ƙirga dukiyar wani ana tambayar me yake shirya mata. Na san haka sarai. Amma rana na dukana, wayar na jirana, kuma an ce gari nawa ne. Na hau bakin komi don in gani da kyau, na miƙa yatsa, na fara.

Garken jajayen shanu ne masu dogayen ƙaho, suna ta cuɗanya, sai na ɓata in sake. Ban lura da mai su ba sai da ya tsaya gabana. Dattijo ne siriri, da malafa, sanda a kafaɗa. Daga baya na ji sunansa Jaɓɓi.

"Yarinya, mi kike nunawa?"

"Aiki nike, Baffa."

"Wane aiki ga shanuna?"

"Ƙirga su kawai za ni yi in wuce. Ba ci za ni yi ba."

Ya dubi wayar, ya dubi bakina. "Ke ɗiyar ina ce?"

"Sabon Birni."

Ya yi wa shanun kira, suka bar ruwan ba su ƙoshi ba, ya kora su. Na sa adadin da na samu, na ce a raina mutum sai ka ce na zagi uwarsa.

Ba a rufa mako ba aka kore garken. A daji aka tare su da rana tsaka, mutane a kan babura, suka harbi ƙanen Jaɓɓi a cinya, suka yi kudu da shanun.

Ni ban ji ba. Washegari na fita rijiya da igiyata. Na yi sallama, matan ba su amsa ba. Wata ta janye gugarta daga kusa da ni kamar ina da kuturta. Ina sakin igiya cikin rijiya, ƙarfen ya taɓa ruwa ya yi ƙara, sai wani ya fizge ta daga hannuna. Samari ne 'yan banga, da gora da adda, biyu da bindigar gida.

"Ita ce. Ku amshe wayar."

"Lafiya?"

"Za ki ji lafiya. Infoma."

Wanda bai zauna wajenmu ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Mai kai wa 'yan bindiga labari ake nufi. A Kurawa na ga an kira mutum da ita da safe, mai sayar da burodi, kafin azahar an yi masa sutura. Ba a kai shi gaban kowa ba. Cewa aka yi za a je a tambaye shi a daji. Na waiga ina neman Sahabi inda yake ajiye babur ƙarƙashin itacen bedi. Babu shi, babu babur. Wata mata ta ce tun da asuba ya ce za shi sayen mai.

Suka tasa ni gaba har ƙofar mai gari. Aka zaunar da ni a ƙasa bakin zaure, mutane suka kewaye, har bisa katanga. Mai gari tsoho ne mai rawani, idonsa ɗaya ya yi fari. Jaɓɓi na zaune gefensa, da jini busasshe a hannun rigarsa.

Mai gari ya ce, "Wa ya ba ki izinin rijiyata?"

"Allah shi daɗe da ranka, kai ka ba ni. An kawo maka goro."

"Wa ya kawo?"

"Kawu Sahabi, ɗan rakiyata."

Ya juya ga dattawansa. "Akwai wanda ya ga goro?" Kowa ya ce bai gani ba. "Ni ban san wani Sahabi ba. Na dai ji an ce wata baƙuwa na zura ƙarfe cikin ruwanmu, na ce a bari mu ga iyakarta. To mun gani."

Shugaban 'yan bangar, wani mai tabo a goshi, ya sa na buɗe wayar. Ya ɗaga ta sama yana nuna wa mutane. Taswirar garinsu ce, da jan ɗigo a kan kowace rijiya, da layin burtalin da shanu ke bi zuwa ruwa. Ya taɓa ɗigon babbar rijiya, adadin shanu ya fito, da ranar da na ƙirga. Ko ni da na gan shi a hannun wani, sai ya yi mani kama da aikin infoma. Na yi bayanin ruwa da itatuwa da birni mai cin gona. Ina jin muryata, ina jin yadda maganar ba ta da kai. Wa zai yarda an taso mutum daga wata ƙasa don ya auna nisan ruwa?

Na ce a kira Madam. Aka bari na kira. Ta ɗauka, na faɗa mata a gajarce, ta ce ga ta nan, kada in yi gardama da kowa. Amma daga Maraɗi zuwa garin tafiya ce, hanyar kuma yashi.

Mai tabo ya ce, "Kafin ta zo sun ƙetare da shanun. Ranka shi daɗe, ba mu ita mu ɗan zaga baya mu tambaye ta. Yanzu za ta faɗi inda sunka nufa."

Na ce, "In na san inda suke, da shanun ubana zan fara..." Sai na gyara zama na ɗaga murya. "Bijimai biyu na huɗa sunka kore muna, da gonar, da garin duka. Ni za ni yi masu aiki?"

"Kowa haka yake cewa."

Mai gari bai ce a ba shi ni ba, bai ce a hana ba. Yana jan carbi yana duban ƙasa. Na san irin wannan shirun. Wani ya riga ya kama mayafina ta baya.

Sai mutane suka dare. Inna Ige ce, da warin daddawa a hannunta, ba ta ko sa takalmi ba. Ta ratsa maza ta zo gaban mai gari, ta kwance ɗankwalinta ta ajiye a ƙasa gabansa. Kanta fari fat. Dattawa suka kau da ido. Tsohuwa ba ta buɗe kai gaban maza sai magana ta kai inda ba ta wucewa.

"Ige, rufe kanki," in ji mai gari.

"Sai ka ji ni. Baƙuwata ce. Randata take sha."

Mai tabo ya ce, "Inna, ke ba ki san mutanen Najeriya ba."

"Kai rufe mani baki, ni na yanke maka cibi." Ta juya ga mai gari. "Ran kasuwa, da 'yan kabu-kabu sunka shigo, ɗiyar ga ta shige ƙarƙashin rumbuna kamar kaza ta ga shaho. Da ta fito, zanenta jiƙe yake sharkaf. Ni na wanke shi. Wadda ke aiki da masu babura ba ta fitsari a zane in ta ji babur."

Wani yaro bisa katanga ya fashe da dariya, aka buge shi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shiga. A gaban gari guda, maza da mata. Na ji haushinta, ita da ke ƙoƙarin ceton raina. Amma hannun da ke riƙe da mayafina ya sake.

Jaɓɓi ya yi magana karo na farko. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ta ƙirga su. Da yatsa. Na gani."

Na ce, "Na ƙirga, Baffa. Ban kai wa kowa ba."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da ido ga ɗankwalin da ke ƙasa.

Mai gari ya ce, "Ige, kin san abin da kika ɗauka? In ta gudu, ko in ta tabbata da hannunta, ke da gidanki."

"Na ɗauka."

"To ɗauki kallabinki, ki tafi da baƙuwarki. Kada ta fita ƙofa sai uwar ɗakinta ta zo."

A hanya ban ce mata na gode ba. Cewa na yi, "Inna, dole sai kin faɗi zancen zane?"

Ta ce, "Kina da wata shaida da ta fi shi?"

Da la'asar Madam Hawa ta iso da jandarma biyu da takardun aikin, da sabon goro. Ta daɗe cikin zaure. Da ta fito ta same ni a ɗakin Inna, ta zauna bakin gado, ta cire gilashi. Wannan karon ba ta ce mani baiwa ba. Ta ce goron Sahabi a kasuwa ya sayar, babur ɗin da aka ba shi kuɗin mansa kuma kayan fataucinsa yake jigila da shi, ba garin nan kaɗai ya yi haka ba. Ta ce in haɗa jakata, za ta mayar da ni Maraɗi in yi aikin ƙirga amalanke, ko ma gida in ina so.

Ina so. Babu abin da nake so a ranar kamar in bi yashin gulbi in ga innata. Na fara naɗe tabarma. Sai na ga Inna Ige a tsakar gida tana tankaɗe, ta ba mu baya. In na shiga motar nan tare da jandarma, gobe cewa za a yi an zo an fitar da infoma, kuma tsohuwar da ta buɗe kanta ita za ta zauna da maganar.

Na ce, "Madam, rijiyoyin garin ban gama ba."

"Ba ki da hankali, Bagobira."

"Da ma an ce ba mu da shi."

Na zauna har ƙarshen bazara. Da kaina na je na durƙusa wa mai gari, ashe mace na shiga zauren. Kullum in zan fita sai in bi ta ƙofarsa in faɗi rijiyar da za ni. Mata suka koma amsa sallamata, wasu dai. Yara suka sa mani suna Mai Rumbu, in na wuce su yi ƙarar babur da baki. Na jefi ɗaya da takalmi, Inna ta sa na je na ɗauko abina da kaina. Mai tabo bai taɓa daina bina da ido ba. Ruwan babbar rijiya kuwa kowane awo sai na ƙara sakin igiya.

Shanun ba su dawo ba. Ƙanen Jaɓɓi ya tashi, amma da sanda.

Ana gab da saukar damina na je awon ƙarshe a babbar rijiya. Na makara, hantsi ya yi. Ina naɗe igiya sai ga Jaɓɓi. Dangi sun tattara masa abin da za su iya, kamar yadda suke yi wa wanda ya rasa garke. Wata tsohuwar saniya, da 'yan karsana, da maraƙi mai ɗingishi. Komi guda ya ishe su, har da saura. Ba sai an miƙa yatsa ba, ido kaɗai ya gama da su. Na yi sauri na juya baya, na dubi garin.

Ya ja wasaki, babban gugan fata, ya zuba masu, ya sake ja. Sannan na ji ya ce, "'Yar Sabon Birni."

"Na'am, Baffa."

"Ba ki ƙirga ba yau."

"A'a."

"Ki ƙirga. Yanzu ba su da wuya."

Wayar na hannuna, gurbin a buɗe, tana jira. Na kashe ta na sa a jaka. Na ajiye igiyar awo a ƙasa, na je na kama igiyar wasakin ta bayansa. Bai ce in saki ba. Muka ja tare, ruwan na da nisa.